Yadda Ake Saka Katin LAN a Kwamfutar Tebur a Haɗa Ta da Intanet



A daminar da ta wuce wani abokina mai shagon buga takardu a Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar a ƙaramar hukumar Mai'adua, ya kira ni da sassafe hankalinsa a tashe. An kwana ana ruwa da tsawa, gari ya waye Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, ranar da ya fi samun masu zuwa cike fom da buga takardu. Kwamfutarsa tana tashi lafiya, firinta tana aiki, wayoyin da ke shagon duk suna samun intanet daga rauta, amma ita kwamfutar ta ce sam ba ta san zancen ba. Har wani ya riga ya gaya masa wai babban allon kwamfutar ne ya ƙone, sai dai ya nemi kuɗin wata.

Da na je na duba, ramin da ake soka kebul ɗin intanet ne kawai ya mutu. Sauran kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ɗan kati guda muka saka mata, wanda bai kai tafin hannu ba, aikin bai ci rabin awa ba. Shi ne na ga ya kamata in rubuta yadda ake yi, saboda da yawanmu mun ƙware a wayar hannu, amma da an ce a buɗe cikin kwamfutar tebur sai gaba ya faɗi. Alhali in ka iya saka layi da memori a waya, wannan ma ba zai gagare ka ba.

Mene ne katin LAN?

Juya bayan kwamfutar tebur, za ka ga wani rami mai kusurwa huɗu, galibi da ƙananan fitilu biyu a bakinsa. Sunansa ramin LAN, wasu su ce Ethernet, kan kebul ɗin da ke shiga ciki kuma ana kiransa RJ45. Ta nan kwamfuta ke magana da rauta. Fasahar ta tsufa: Robert Metcalfe da abokan aikinsa ne suka fara ta a 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Amurka, kuma har yau ita ce ke riƙe da ofisoshi da bankuna.

A yawancin kwamfutoci wannan rami a manne yake da babban allo, wanda masu gyara ke kira modabod. In ya lalace ba a cire shi. Sai a sayo kati mai ɗauke da nasa ramin, a dasa shi a cikin kwamfutar ya karɓi aikin. Wannan shi ne katin LAN.

Ga Wi-Fi, me zai kai mutum ga kebul?

Bari in fara da abin da kebul ba ya yi, don kada wani ya kashe kuɗinsa ya zo yana jin haushina. Kebul ba ya ƙara ƙarfin sabis. In abin da ke shigowa rautarka daga turken sabis kaɗan ne, kaɗan ɗin kwamfuta za ta samu.

Amfaninsa yana wani wuri. Duk wanda ya zauna a garin bakin iyaka irin Kongolam ya san halin sabis: a wannan lungu ya cika, ka matsa taku biyar ya zube, wani lokaci ma wayarka ta tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar kana tsaye a Najeriya. Cikin shago mai rufin kwano da bangon siminti abin ya fi muni. Wurin da sabis yake da kyau, wato sama kusa da taga ko ƙarƙashin rumfa, ba nan teburin aikinka yake ba. Da kebul sai ka kai rauta inda sabis yake, ka bar kwamfuta inda aiki yake. Kebul ɗin LAN yana kai saƙo har tsawon mita 100 ba tare da gudunsa ya ragu ba, bango ko ƙofar ƙarfe ba su dame shi ba.

Sannan ba ya yankewa haka kawai, kuma maƙwabci ba zai iya hawa kansa daga waje ba. Wanda ya rubuta jarrabawar JAMB tun daga 2015, lokacin da aka koma yin ta gaba ɗaya a kwamfuta, in ya tuna zai ga kowace kwamfuta a zauren da kebul a bayanta. Ba a yarda a ɗora jarrabawar ɗaruruwan ɗalibai a kan abin da zai iya ɗaukewa ana tsakiyar amsa tambaya ba.

Abu ɗaya za ka tabbatar tukuna: rautarka tana da ramin LAN? Ƙananan MiFi na aljihu galibi ba su da shi. Rauta ta ajiyewa, irin wadda ake saka wa layi a jona ta da wuta, ita ce ke zuwa da rami ɗaya zuwa huɗu.

Kafin ka sayi komai, tabbatar ramin ne ya mutu

Sau da yawa ba ramin ba ne, kebul ne. Ɓera ya gwaguye shi, ko ƙofa ta datse shi, ko ɗan haƙorin roba da ke riƙe kansa ya karye. Don haka bi waɗannan a jere:

1. Canza kebul da wani wanda ka san yana aiki.
2. Canza rami a jikin rauta. Kula, in akwai wanda aka rubuta wa WAN shi kaɗai, ba nan ake soka kwamfuta ba.
3. Duba fitilun bakin ramin. In kebul lafiyayye ne, rauta a kunne, amma babu wadda ta kama, alama ce mai ƙarfi.
4. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Network adapters. In ka ga suna mai ɗauke da Ethernet ko GbE ko Family Controller da ɗan kibiya mai kallon ƙasa, kashe shi aka yi. Danna masa dama ka zaɓi Enable device.
5. Leƙa BIOS. Lokacin da kwamfuta ke tashi, F10 ake dannawa a HP, F2 a Dell. Nemi inda aka rubuta Onboard LAN ko Integrated NIC ka ga ko a kunne yake.

In duk ka bi waɗannan shiru, to sai a tafi kasuwa.

Wane kati za ka saya?

Buɗe murfin kwamfutar ka ɗauki hoton cikinta da wayarka kafin ka fita. Wannan hoton zai hana ka zuwa Daura ko Kano sau biyu.

A ƙasan babban allo, ta wajen baya, akwai dogayen ramuka a jere. Iri biyu ne. Na zamani sunansa PCIe: akwai gajere sosai da ake kira x1, akwai dogo da ake kira x16 wanda aka fi saka katin hoto a ciki. Na da kuma sunansa PCI, galibi fari ne, kuma a tsofaffin kwamfutoci ake samunsa. Katin PCI ba ya shiga ramin PCIe, na PCIe ma ba ya shiga na PCI, ko da za ka taka shi da ƙafa. Amma katin PCIe x1 yana zama lafiya a dogon ramin x16, ya bar sauran ramin fanko, kuma ya yi aiki.

Sai maganar ƙarfen bayan kati, inda mutane suka fi yin asara. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai, kuma da yawansu sirara ne. Siririyar kwamfuta gajeren ƙarfe take ɗauka. In ka sayo kati mai dogon ƙarfe murfin ba zai rufu ba. Katuna masu kyau suna zuwa da ƙarafa biyu a kwali, dogo da gajere, sukuru biyu kawai za ka kwance ka musanya. Buɗe kwalin a gaban mai shago ka gani da idonka.

Wajen gudu, nemi wanda aka rubuta wa Gigabit ko 10/100/1000. Wanda aka rubuta wa 10/100 kawai ya tsaya a megabit 100 a daƙiƙa. Zai ishe ka hawa intanet, amma ranar da za ka tura manyan bidiyon biki daga wannan kwamfuta zuwa waccan za ka ji bambanci. Sannan duba ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar katin. In Realtek ne ko Intel ka huta, domin Windows da Linux sun san su. Misalin da ake yawan samu shi ne TP-Link TG-3468, katin PCIe mai guntun Realtek. A Kano ana samun irin waɗannan a wajen masu kayan kwamfuta na Beirut Road da Farm Centre. Ba zan faɗi farashi ba, tunda kayan nan da dala suke tafiya. Tambayi shago biyu ko uku kafin ka biya.

In kuwa kana tsoron buɗe kwamfuta, ko babu ramin da ya rage, akwai adaftar USB mai ramin LAN a ɗaya bakin. Soka ta kawai ake yi. In mai Gigabit ce, saka ta a ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, domin USB 2.0 iyakarsa megabit 480. Aibinta shi ne tana lilo a waje, yaro ko kwastoma zai iya fizge ta. Ga kwamfutar da ke aiki kullum a shago, na fi son na ciki.

Kebul ɗin ma a kula

Sayi Cat5e ko Cat6, an rubuta a jikin kebul ɗin. A cikinsa akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 100 yana amfani da 4 ne kawai, Gigabit kuwa sai duka 8 sun haɗu. Shi ya sa in waya ɗaya daga cikin sauran 4 ɗin ta tsinke intanet na iya ci gaba da zuwa, amma gudun ya faɗo zuwa 100 ba ka sani ba.

Akwai mai araha da ake rubuta wa CCA, wato alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Yana saurin karyewa, kuma a doguwar tafiya yana ba da matsala. Kankare bakin waya ɗaya da reza: in cikin ya fito fari, shi ne. In mita biyu kake buƙata ba laifi, in za ka ja shi daga rumfa zuwa cikin shago nemi jan ƙarfe zalla.

In da kanka za ka matse kan, jerin launukan da aka fi bi sunansa T568B. Riƙe kan RJ45 haƙorinsa na kallon ƙasa, bakin da kebul ke shiga na kallonka, ka jera daga hagu: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka za ka yi a duka bakin biyu.

Saka katin

Abin da kake buƙata sukundireba ne mai bakin kuros, sai haske mai kyau.

1. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya. Kashe soket kaɗai bai isa ba, musamman in akwai UPS ko inbata.
2. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10, don sauran wutar da ta maƙale a ciki ta fita.
3. Cire murfin gefe. Wasu sukuru biyu ne a baya, yawancin HP da Dell kuwa ɗan marfi ake ja.
4. Taɓa ƙarfen jikin kwamfutar da hannunka kafin ka taɓa kati. Ka san yadda a lokacin hunturu in ka cire riga ko ka taɓa ƙofar mota kake jin wani ɗan tas? Wannan wutar da ba ta yi maka komai tana iya kashe guntun kati. A busasshiyar iska irin tamu ba abin wasa ba ne. Kada ka yi aikin a kan kafet ko bargo, kuma riƙe katin ta gefe, ban da taɓa haƙoransa masu ruwan zinare.
5. In ramin ya cika da ƙura, hure shi da abin hura iska ko ka share da busasshen buroshi mai laushi. Kada ka hura da baki, yawu na bi.
6. Cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya daidai da ramin da ka zaɓa.
7. Daidaita haƙoran katin da ramin, ka danna shi da yatsu biyu a miƙe har ya zauna. In ya ƙi, kada ka yi masa ƙarfi, ciro ka sake duba yankan da ke tsakanin haƙoran. In ya zauna daidai, da ƙyar za ka hango ruwan zinaren.
8. Ɗaure ƙarfen da sukuru ko ka mayar da marfin da ke riƙe shi, rufe murfi, jona wuta.
9. Soka kebul a sabon ramin har ka ji ƙas. Tsohon ramin kuma manna masa salatif, don kada gobe wani ya mayar da kebul can a ce gyara bai yi ba.

Direba

Direba a nan ba na mota ba ne, ɗan manhaja ne da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da katin. A Windows 10 da 11 yawancin katunan Realtek da Intel suna kama aiki da kansu. Jira minti ɗaya, duba kusa da agogo, za ka ga alamar kwamfuta da kebul.

In ba ta fito ba, koma Device Manager. Za ka ga Ethernet Controller da alamar motsin rai ruwan ɗorawa. A nan mutum ke shiga tsaka mai wuya: kana buƙatar intanet don sauke direba, kana buƙatar direba don samun intanet. Wayarka ce za ta raba gardama. Jona ta da kwamfutar da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, shiga saitin Hotspot na Android, kunna USB tethering. Kwamfutar za ta hau datar wayarka, sai ka bar Windows Update ya nemo direban. Ko kuma ka sauke shi a waya ka tura ta kebul.

In ba ka san wane kamfani ya yi guntun ba, danna dama a kan Ethernet Controller, shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. In ka ga VEN_10EC Realtek ne, in VEN_8086 ne Intel ne. Daga shafin kamfanin kawai za ka sauke. Guji shafukan nan masu manyan korayen maɓallai da ke alƙawarin gyara maka duk direbobi a danna ɗaya, yawanci tarkace da tallace-tallace suke cusa wa kwamfuta.

Mai Windows 7 kuma ya sani Microsoft ta daina ba ta kariya tun Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. In a kwamfutar ake shigar da lambar NIN ko bayanan bankin mutane, wannan abin dubawa ne.

Gwaji

Yawanci ba sai ka saita komai ba, rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshinta. Don ka tabbatar, danna Windows da R, rubuta cmd, a baƙin allon ka rubuta ipconfig. Duba layin IPv4 Address:

In ya fara da 192.168, rauta ta ba ka adireshi. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin rautar kanta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1.

In ya fara da 169.254, kwamfuta ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta. Duba kebul, kashe rauta ka kunna.

Daga nan rubuta ping, ka bar fili, ka sa adireshin rautar. In amsa tana dawowa, tsakaninka da rauta lafiya lau, katinka ya yi. Sai ka gwada ping 8.8.8.8. In rauta ta amsa amma wannan ya ƙi, laifin ba na katin ba ne: ko data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke. Wannan ɗan gwajin ya sha hana ni kwance kwamfutar da ba abin da ya same ta.

Don ganin gudun da aka ƙulla, rubuta ncpa.cpl, danna Ethernet sau biyu, duba Speed. In kati da rauta duk Gigabit ne amma ka ga 100 Mbps, zargi kebul. In ramin rautar dama na 100 ne, to iyakarsa ke nan.

Kada Windows ta shanye maka data

Wannan ya shafi duk wanda rautarsa da layi take aiki. Da Windows ta ga kebul, sai ta ɗauka intanet ɗin ofis ne marar iyaka, ta shiga sauke sabuntawa son ranta. Sai ka sayi datar wata ta ƙare a kwana uku. Shiga Settings, Network & Internet, Ethernet, ka kunna Metered connection. Sabuntawar kuma kada ka bar ta gaba ɗaya, ware mata lokacin da kake da datar dare ko garaɓasa.

Abin da ya kashe na farko zai iya kashe na biyu

Ba sai tsawa ta faɗo a kan shagonka ba. In ta faɗi kusa, dogon kebul na jan ƙarfe yana ɗaukar wani ɓangare na ƙarfinta ya kai shi duk inda bakinsa yake, kuma ramin LAN ne ke fara karɓa. Na abokina daga saman rumfa ya taso, ya bi jikin kwano, ya sauko cikin shago. Don haka in hadari ya haɗu, ko za ka rufe shago da dare a damina, zare kebul ɗin daga bayan kwamfuta, ka zare rauta daga wuta. Daƙiƙa biyar ne. In kebul zai bi waje, saka shi cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye, kuma kada ka ɗaure shi tare da wayar wuta ko ta janareta.

Abokin nawa yanzu ya rubuta ZARE KEBUL da maka a jikin kwali ya liƙa a bayan ƙofa, daidai inda yake rataye kwaɗo. Kwamfutar da aka ce ta mutu tana nan tana buga takardu, kuma kuɗin da ya so ya ranto don sayen wata ya zuba su a takarda da tawada.

In ka gwada ka maƙale a wani mataki, rubuto mana sunan kwamfutarka da abin da ipconfig ya nuna maka, za mu duba tare in sha Allahu. A darasi na gaba za mu ga yadda ake haɗa kwamfuta biyu ko uku a shago ɗaya su riƙa amfani da firinta guda.